Takardar da Babu Maiƙo a Jikinta

Kun rabu gida biyu a ƙarƙashin rubutuna na makon jiya. Wasu na cewa, "Auta, don Allah ina kike samo haɗin kek ɗinki?" Wasu kuwa ba ruwansu da kek, su dai in gaya musu yadda aka kwashe da Malam Ba-Komai. To ku gyara zama, yau amsar taku guda ce.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, ina gasa kek da biskit a kicin ɗin Umma, cikin wani tsohon obin da sai an tokare ƙofarsa da kujera kafin ta rufu. Shi kuma Malam Ba-Komai ma'aikaci ne a shagon buga takardu, shekara guda ke nan yana zuwa wurina. Yayata ce ta laƙaba masa sunan, kuma wallahi ta iya suna. A bar shi awa guda a falo yana jira, ba komai. Fanka ta mutu, ya zauna yana ɗigar gumi cikin riga mai dogon hannu, ba komai. A bayan idonsa muke faɗa, shi a gabansa "Malam" kawai nake ce masa.

Ranar Litinin da safe Baba ya kira ni. Yana kan kujerarsa ta bakin taga, rediyo a cinya, Umma na gefe tana ninke kaya, irin ninkin da kunne ya fi hannu aiki.

"Auta," ya ce, "yaron nan takalminsa ya kusa haƙa rami a ƙofar gidan nan. Ban ce dole ba. Amma ranar Asabar ina son in ji eh ko a'a. Ɗan mutane ba labule ba ne da za a rataye shi a manta."

Umma ta ce, "Me ma za ta ce in ba eh ba? Yaro ba ya faɗa, ba ya gardama, ko ƙuda ba ya korewa da ƙarfi."

Na ce, "Umma, ai abin da ke damuna ke nan."

Ta saki zanen da ke hannunta. "Ji min 'ya! Mutane na neman mai haƙuri da fitila, ke kin samu kina neman aibunsa."

Ba aibunsa nake nema ba. Ina sonsa, wannan na faɗa muku tuntuni, ba zan janye ba. Amma ni a gidan da ake faɗin gaskiya har ta yi yawa na tashi. Baba zai ci loma ɗaya ya ce gishiri ya zarce, Umma ta ce bakinsa ne ya tsufa, su yi ta yi, sannan su cinye abincin tare. Ban taɓa kwana ina tunanin me ke cikin ransu ba. Shi kuwa wannan bawan Allah, shekara guda ban taɓa jin ya ce ga abin da ba ya so ba. Ta yaya zan zauna da mutumin da ban san ranar da na ɓata masa ba?

Wannan halin nawa, in kun bibiya, kek ne ya ƙara min shi. Lokacin da na fara gashi, duk bidiyon da na gani a waya bi nake yi. Kun san irinsu: kicin fari tas, farce zaƙo-zaƙo, cikin minti ɗaya an kwaɓa, an rufe obin, an buɗe, kek ya fito yana rawa kamar sabuwar katifa. Ni in yi nawa ya fito kamar tafin takalmi. Fulawar da na zubar a waccan shekarar ta isa ta ciyar da layinmu. Da na gaji sai na sauya dabara. Kafin in kalli haɗin, ƙasa nake gangarawa wurin masu sharhi. Masu "kai, ya yi kyau" tsallake su nake, waɗannan ko ƙwai ba su fasa ba. Wadda ta ce "na gwada, tsakiyar ta lotsa" ita nake nema, sannan in ga ko mai haɗin ta amsa mata ko ta yi kunnen uwar shegu. Duk wadda ta ce min "fulawa daidai misali" kuwa mun rabu. Ki ba ni giram, ki gaya min girman gwangwani, ki gaya min zafin wuta.

A ƙarshe wuri biyu suka rage min. Akwai wata mata a intanet, kicin ɗinta duhu, gwangwanayenta duk sun lanƙwashe, takan ɗaga kek ɗin da ya ƙi ta ce, "Ku ga abin da ya faru da na buɗe obin da wuri." Sai wani tsohon littafin gashi da na tsinta wurin mai sayar da tsofaffin littattafai. Ban san wadda ta riga ni mallakarsa ba, amma Allah ya saka mata: duk shafin da ta ɗiga wa maiƙo, ta manna masa busasshen kwaɓi, ban taɓa gwada shi ya ba ni kunya ba. Shafukan da suke fes kuwa, akwai dalilin da ya sa ba ta koma musu ba.

To ga inda zancen biyu ya haɗu. Mahaifiyar Malam, Hajiya, ta yi shekara talatin tana gasa wa unguwarsu kek kafin ta ajiye. Sau ɗaya na taɓa cin nata, ranar da muka je gaishe ta da Yaya. Kek ne na madara, babu ado babu komai, amma ka danna shi da yatsa ya dawo, ka sa a baki ya narke. Na lura da hannunta da take yankawa, akwai wani farin tabon ƙuna a babban yatsanta na dama. Tun daga ranar nake yi wa Malam naci ya karɓo min haɗin.

Ranar Talata da yamma sai ga shi da ambulan. Riga ruwan toka an goge ta har tana ɗaukar ido, agogo a hannun hagu, takalmi ya sha mai.

"Ranki ya daɗe, ga saƙonki. Hajiya na faɗa ina rubutawa."

Na buɗe. Jama'a, mutumin nan buga ta ya yi a shagonsu, ya yi mata zanen fure a gefe, ya sa aka lulluɓe ta da roba mai sheƙi kamar katin shaida. Fulawa giram kaza, sukari kaza, bota, ƙwai uku, madara kofi ɗaya, soda ƙaramin cokali ɗaya, har zafin wuta. Komai tsaf. Na yi ta godiya. Da na bi ƙa'idata da na tsaya na yi tunani, don takardar ko ɗigon mai babu a jikinta. Amma murna ta rufe min ido.

Laraba da safe na ɗaura ɗankwali, na sa tsohuwar rigata ta kicin, na fito da sikeli. Na auna, na buga, na zuba, na tokare ƙofar obin da kujera. Abin da ya fito gajere ne, mai nauyi, launinsa wani rawaya-rawaya mai duhu. Na gutsura. Can ƙarshen harshe wani ɗanɗano ya taso, irin na cokalin da ba a ɗauraye sosai ba.

Na ce laifina ne. Wace ce ni da zan zargi hannun shekara talatin? Alhamis na sayo sabuwar soda, na fitar da ƙwai da bota daga firij tun safe sanyinsu ya fita, na tankaɗe fulawa sau biyu. Aka sake haifo ɗan'uwan na jiya.

Baba ya shigo kicin neman ruwa, ya gutsuri gefe, ya tauna sau biyu.

"Wa ya wanke hannu a ciki?"

Yaya ta zo yini ranar, ta kwashe da dariya har da riƙe ƙofa. Ta ce, "Auta, ki ajiye mana, omon gidanmu ya ƙare."

Da yamma Malam ya zo. Ba zan ɓoye muku ba, da gangan na yi. Na yanka yanki biyu manya, na jera a farantin baƙi mai bakin zinare, na haɗa da shayi, na kai masa. Na zauna a hannun kujera ina kallonsa. Wannan kek ɗin uwarsa ne, da shi ya tashi. In akwai mutum ɗaya a duniya da ya san ba haka yake ba, shi ne.

Ya ci na farko. Ya kurɓi shayi. Ya ci na biyu, har ya tsince ɓurɓushi da yatsa.

"Yaya ka ji shi, Malam?"

"Ya yi daɗi sosai. Sannu da ƙoƙari."

"Kamar na Hajiya?"

Ya kalli agogonsa, ya kalli labule. "Kusan haka."

Yaya na bayan ƙofa tana toshe baki, ni kuwa dariyar ba ta zo min ba. Raina ne ya ɓaci, sosai. Na tuna sau nawa ya ce min ɗinkina ya yi kyau, sau nawa ya ce bai ji haushi ba, na rasa wanne zan ɗauka wanne zan zubar.

Juma'a da safe na share teburin kicin na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ajiye takardar Hajiya a tsakiya, tsohon littafina a dama, wayata a hagu da haɗin matar nan mai duhun kicin. Na bi su layi-layi da biro. Ba a jima ba na ga abin. Duk inda aka sa soda, a littafin ko a wayar, to akwai wani abu mai tsami a kusa: ko yogot, ko ruwan kal, ko lemun tsami. Matar ma ta taɓa amsa wa wata mai ƙorafi irin nawa, ta ce soda in ba ta samu tsami ba, ba za ta ɗaga kek ba, sai dai ta bar masa ɗanɗanon sabulu. A takardar Hajiya babu tsami ko ɗaya.

Na matse lemun tsami babban cokali biyu a cikin madarar, na bar ta minti goma ta yi gudaji, na kwaɓa. Tun kafin lokaci ya cika ƙamshin ya fito da Umma daga ɗaki. Kek ya tashi har ya leƙo bakin gwangwani. Na danna, ya dawo. Baba ya ci yanki ɗaya bai ce uffan ba, ya miƙo faranti a ƙara. A gidanmu wannan shi ne lambar yabo.

Saura tambaya ɗaya: mantuwa ce wurin bugawa, ko cirewa aka yi? Na tura masa saƙo.

"Malam, in ka tashi aiki ka biyo. Akwai magana."

"To, ranki ya daɗe. Lafiya dai ko?"

"Lafiya."

"Ba komai, ina zuwa."

Na kife wayar a kan gado.

Ban yi kwalliya ba, doguwar riga shuɗiya na zura na yafa mayafi. Na kai masa faranti biyu, ɗaya ragowar na Alhamis, ɗaya na yau. Ya kalli wannan, ya kalli wancan. Bai ɗanɗana ba ma, ƙamshin ya ishe shi. Na ga kunnensa ya motsa, ya cire agogo ya mayar.

"Lemun tsami," na ce. "Cokali biyu. Kai ka tsallake layin, ko Hajiya?"

Ya mayar da ido kan kafet. Sannan ya ce, "Ni nake matse mata lemun tun ina makaranta."

"Wato ka sani."

"Da tana faɗa ta wuce wurin, na ɗaga kai. Sai ta dube ni ta saman tabarau. Na ci gaba da rubutu." Ya goge goshi. "Haka take yi wa kowa, Auta. Duk wanda ya aiko a karɓar masa, sai ta rage abu ɗaya. Matar yayana ma shekara tara ke nan tana fama da shi, ta ɗauka hannunta ne ba kyau."

"Shekara tara? Kuna kallonta?"

"Ba a yi wa Hajiya musu a gidanmu."

"Ni fa? Kwana biyu ina zargin kaina, ina sayen sabuwar soda, yayata na min dariya. Ka zauna a kujerar nan ka cinye sabulu yanki biyu ka ce ya yi daɗi."

"Ban so in kunyata ta ba. Ke ma ban so in kunyata ki ba."

"Sai ka bar ni na kunyata kaina."

Rediyon Baba na ta magana daga ɗaya ɗakin.

Na ce, "Malam, gobe Baba zai tambaye ni. Kek ba shi ne damuwata ba, na riga na gano shi. Kai ne na kasa ganowa. Gaya min abu ɗaya, ɗaya tak, da nake yi wanda ba ka so."

Ya buɗe baki. Wallahi na ga maganar ta taho har maƙogwaro. Sai ya yi ɗan murmushin nan nasa.

"Ai ba komai."

Na tattara farantaina na shige ciki. Ko rakiya ban yi masa ba. Umma ta biyo ni kicin tana faɗa ƙasa-ƙasa, wai a kan lemun tsami zan kori miji. Na ce mata ba lemun ba ne. Ta ce to mene ne? Na hau wanke gwangwanin da na riga na wanke, hawaye na zuba a ruwan kumfa.

Asabar da safe na tashi da a'a a bakina. Na yi wanka, na sa atamfata mai ganye-ganye, don in zan ɓata wa Umma rai gara in yi shi cikin shiri. Ina ɗaura ɗankwali Baba ya ɗaga murya daga falo, "Auta! Shayina ya ƙare, ke nake jira." Sai wayata ta yi ƙara. Saƙo ne dogo, ba gaisuwa, ba "ranki ya daɗe". Zan kwafo muku shi yadda yake.

"Kek ɗin Alhamis bai yi daɗi ba. Sabulu ne. Sai da na tsaya a hanya na sha ruwa leda uku. Shayinki kullum sukari yana yawa, ni rabin cokali nake sha. Ba na son jiran awa guda a falo. Kuma na san kuna kirana Ba-Komai, na ji yayarki tun wata shida da suka wuce, yana min ciwo, har da ke a ciki ya fi min ciwo. Jiya na gaya wa Hajiya abin da muka yi miki da matar yayana bai dace ba. Ban taɓa ce mata haka ba tunda aka haife ni. Har yanzu ba ta kula ni ba. In a'a ce, na gode."

Na karanta sau uku a tsaye. Kunya ta kama ni a kan sunan nan, kunya ta gaske, don ni mai wa'azin faɗin gaskiya ashe wata shida ina yi da mutum a bayan idonsa. Amma a ƙarƙashin kunyar wani daɗi ne ya cika min ciki. Tunda nake da shi bai taɓa aiko min da abin da ya kai wannan zagin daɗi ba.

Na fito falo. Baba ya rage rediyo, Umma ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran sakamakon asibiti.

"To, muna jin ki."

Na ce, "Baba, ya ce kek ɗina sabulu ne."

Umma ta dafe ƙirji. "Shi ɗin? Innalillahi!"

Baba ya kalle ni, gefen bakinsa ya motsa. "Ashe yaron yana da harshe. To ke me kika ce?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi. "Eh ne, Baba."

Umma ta kalle ni, ta kalli Baba, ta ce ita dai ta haifi abin da ya fi ƙarfinta: a yabe ta ta yi kuka, a zage ta ta ce eh.

Na koma ɗaki in rubuta masa amsa, in fara da ba shi haƙuri. Kafin in gama layin farko wani saƙon ya shigo, daga lambar da ban sani ba. Hoto ne. Shafin wani tsohon littafin rubutu, takardar ta yi ja don tsufa, maiƙo ya ci gefenta har ana hango rubutun bayanta, ga busasshen kwaɓi a kusurwa. Na buɗa hoton da yatsu biyu. Fulawa, sukari, bota, ƙwai, madara, soda. Ga shi nan a layi na bakwai: lemun tsami, babban cokali biyu. Na ce alhamdulillahi, ban yi kuskure ba.

Sai na ga akwai layi na takwas. Hannun da ya riƙe littafin ya ɗora babban yatsa daidai a kansa, ya rufe shi ruf. A jikin yatsan akwai farin tabon ƙuna.

Ƙarƙashin hoton saƙon murya ne, daƙiƙa goma sha ɗaya. Na kai wayar kunne.

"'Yar nan, an ce kin gano lemun da kanki. Shekara talatin, ke ce ta farko. Kin kuma sa ɗana ya ɗaga min murya, wannan ma ke ce ta farko. Zuwa da kai ya fi saƙo. Obin ɗina na kunne."

Na saurara sau biyu, ban gane ko faɗa ne ke jirana ko darasi ba. Na ɗauki littafina mai maiƙo, na zura lemun tsami biyu a jaka, na ce wa Umma ta ajiye min abincin rana.